Da Wane Harshe Za Mu Yi wa Jama'a Maganar Haƙƙin Mata?

Tambayar ta zo ne daga wata matashiya da ta kammala digiri a fannin nazarin zamantakewa, aka kuma ba ta filin rabin awa kowane mako a wani gidan rediyo. Ta ce ta karanta littattafai da dama a kan feminizim, wato fafutukar kawar da zaluncin da ake yi wa mace don kawai ita mace ce, ta kuma gamsu da mafi yawan abin da ta karanta, amma duk sanda ta buɗe baki a gida ko a wurin biki ko a Facebook sai a kira ta 'yar boko aƙida, ko a ce Turawa ne suka turo ta kashe aure, har mahaifiyarta ma ta ce ba ta gane inda maganar ta dosa ba. Tana son sanin yadda za ta sauƙaƙa waɗannan ra'ayoyi har mai tuyar ƙosai da ɗan kasuwa da malamin zaure su fahimta.

Ƙanwata, na yi shekaru ina wannan aiki tsakanin azuzuwan matan aure na yamma, da zaman sulhu, da rakiyar mata zuwa kotun shari'a, kuma ramin da kike tsoro ni ma na faɗa cikinsa a farkon fitowata. Zan fara da kalmar da kika yi amfani da ita, wato sauƙaƙawa, domin akwai wani zato a ƙarƙashinta da ya kamata ki duba tun kafin ki zauna a gaban makirfo. Zaton shi ne ilimin yana wurinki, jama'a ba su da shi, don haka aikinki shi ne ki sirka shi da ruwa har ya tsinke ya wuce maƙogwaronsu. Matar da aka saka bayan shekara ashirin da aure, ta fita daga gidan da aka gina da kuɗin adashinta ba ta ɗauki komai ba sai kwanukanta da katifa, ba ta bukatar kowa ya koya mata cewa akwai rashin adalci a yadda muke zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kika kasa kunne ga waƙoƙin da mata suke yi a bakin turmi da dutsen niƙa, ko hirar ɗakin mai jego bayan maza sun fita, za ki tarar da nazari mai zurfi a kan miji da kishiya da uwar miji da dangin miji, sai dai an lulluɓe shi da habaici saboda ba a ba shi damar fitowa fili ba. Abin da wannan mata ta rasa shi ne sanin cewa abin da aka yi mata yana da suna a shari'a, cewa ba kowace cuta ce ake rufewa da "ki yi haƙuri" ba, da kuma sanin ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Babban abin da yake kayar da mu masu ilimin boko a wannan fage shi ne fassara. Mukan karanta abu da Turanci, mu ɗebo kalmominsa ɗaya bayan ɗaya mu sa musu rigar Hausa, ba tare da mun tambayi kanmu irin kayan da kalmar Hausar ta riga ta ɗauka a kunnen mai sauraro ba. Dubi kalmar "jinsi". A takardun ƙungiyoyi ana rubuta "daidaiton jinsi" da nufin kada a tauye mutum don yana namiji ko mace, amma a bakin titi wurin da aka fi jin wannan kalma shi ne "auren jinsi", don haka kina furta ta rabin masu sauraronki sun gama yanke hukunci a kan wanda ya aiko ki. Na taɓa halartar wani taro inda mai jawabi ta ce burinsu shi ne kowace mace ta zama mai zaman kanta. Abin da take nufi shi ne mace ta samu sana'a ta dogara da kanta, amma ɗakin ya yi tsit, dattawan mata suka sunkuyar da kai, domin kowa ya san wadda ake kira mai zaman kanta a ƙasar Hausa, kuma daga wannan jimla ba wanda ya ƙara jin komai har aka tashi. Kalmar "'yanci" tana da daraja a siyasarmu tun zamanin NEPU, amma da zarar an jingina ta ga mace sai a ji kamar ana nufin ta tsinke igiya, babu mai ce mata ina za ki. "Daidaito" kuwa, abin da yake fara faɗowa a zuciyar Musulmi shi ne rabon gado, sai ya ɗauka kina shirin yi wa aya kwaskwarima. Mun ga haka ƙiri-ƙiri a watan Maris na 2016, lokacin da ƙudirin daidaita dama tsakanin maza da mata wanda Sanata Biodun Olujimi ta gabatar ya faɗi a Majalisar Dattawa, kuma batun gado yana cikin manyan hujjojin da aka kafa a kansa, alhali ƙudirin ya ƙunshi abubuwa da dama da babu malamin da zai ƙi su, kamar kare matar da mijinta ya rasu daga wulaƙanci da buɗe wa 'ya mace ƙofar karatu.

Kalmar da ta fi kowace yi mini aiki ita ce haƙƙi, domin Bahaushe yana tsoron haƙƙi. Kalma ce mai fuska biyu: tana nuna abin da mutum yake bi, tana kuma nuna nauyin da ya hau kan wanda ya danne, nauyin da ba ya sauka ko da an shiga kabari. Idan kika ce wa magidanci matarsa tana da 'yanci, zai ji kina ƙalubalantar ikonsa a gidansa. Idan kika ce masa haƙƙin yarinyar nan yana wuyansa, kin haɗa shi da Ubangijinsa, kuma ko ya yi gardama a gabanki maganar za ta bi shi har makwanci. Haka zalunci, da amana, da cutarwa, da mutunci, da alhaki, duk kalmomi ne da mutanenmu suka riga suka yarda da hukuncinsu, abin da ya rage kawai a nuna musu cewa mace ma tana cikin waɗanda ake zalunta, ake cin amanarsu.

Game da sunan feminizim shi kansa, ba mu kaɗai muka sha wahalarsa ba. A jami'o'inmu wasu manazarta adabi suna cewa matantaka, kuma marubuta mata na Afirka sun daɗe suna jayayya a kan sunan: Molara Ogundipe-Leslie ta ƙirƙiro wani suna daban a 1994 don ta jaddada cewa gyaran al'umma take nema tare da mata a cikinsa, Obioma Nnaemeka kuma ta gina nata ra'ayin a kan sasantawa da tattaunawa. Ko a Amurka, marubuciya bell hooks ta fitar da ɗan ƙaramin littafi a shekarar 2000 saboda ta lura cewa maganar ta maƙale a jami'a, talakawa ba sa jin komai sai cewa ƙin maza ne. Shawarata ita ce kada ki buɗe shiri da sunan, domin zai cinye rabin awarki a gardamar da ba za ta ciyar da kowa gaba ba. Amma idan mai sauraro ya kira ya tambaye ki kai tsaye, kada ki yi musu. Ki ce masa e, kin karanta, akwai abin da kika ɗauka akwai abin da kika bari, kuma abin da kika ɗauka shi ne kada a cuci mace don tana mace. Jama'a suna yafe wa mai ra'ayin da ba su so, amma ba sa yafe wa wanda suka gano yana ɓoye musu wani abu.

Zargin cewa maganar ta Turawa ce yana da magani, kuma maganin yana cikin tarihinmu. A littafinsa Nurul Albab, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna mu'amala da su kamar kayan aikin gida da ake amfani da su har su fashe a jefar, alhali suna koyar da ɗalibai a waje don neman suna. Ya kuma yi kira ga mata kai tsaye da kada su saurari masu yi musu wa'azin biyayya ga miji ba tare da sun koya musu biyayya ga Allah da Manzonsa ba. Da wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki yadda mata suke halartar majalisin Shehu, ƙanin Shehu, Abdullahi, ne ya mayar da martani a waƙe, yana mai kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci shi ne ya fi muni. An yi wannan muhawara fiye da shekara 200 da suka wuce, tun kafin a ƙirƙiri kalmar feminizim a Faransa.

Amma wadda za ki fi koyon sana'ar daga wurinta ita ce Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, domin tambayarki ita ce ainihin tambayar da ta fuskanta: yaya ilimin da yake cikin littattafan Larabci zai isa ga matar ƙauye da ba ta karatu, ba ta kuma iya barin gidanta? Ta mayar da darussa waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, saboda waƙa tana zama a ka, ana rera ta ana kaɗi ana daka. Ta zaɓi dattawan mata masu mutunci daga garuruwa ta naɗa su jagorori da ake kira jaji, ta ba kowace jaji malfa da jan rawani a matsayin alamar izini, su kuma su jagoranci ayarin mata zuwa wurinta su koyi karatu su koma su koyar, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Malfar nan ma akwai hikima a cikinta, domin alama ce da mata suka riga suka sani a kan Inna ta Gobir, shugabar mata da bori, sai Nana ta ɗauki abin da idonsu ya saba girmamawa ta ɗora masa sabuwar ma'ana. Ki lura cewa ba ta je kowane ƙauye da kanta ba, ta nemi bakin da mutanen ƙauyen suka yarda da shi. A yau waɗannan bakuna su ne malamar Islamiyya, da ungozoma, da uwar adashi, da shugabar Zumuntar Mata a coci, da mai kitso da ake yini a gidanta. Idan suka ɗauki maganarki ta shiga gidajen da rediyonki ba zai shiga ba. Bayan Nana akwai Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri da duka a kan neman ƙuri'ar mata, a lokacin da matan kudu suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen 1959 amma na Arewa ba su samu ba sai 1976. A Nijar kuma mata sun yi tattaki a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, ranar da ta zama ranar matan ƙasar har yau.

Tarihi yana buɗe kunne ne kawai, abin da zai riƙe mai sauraro shi ne ilimin da zai amfane shi gobe da safe, kuma a nan dole ki koma makaranta. Ki nemi malami ko malama ki karanta babin aure da saki da ciyarwa da gado a Risala ta Ibn Abi Zaid, ki kuma san abin da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam suka ce, domin da su alƙalanmu suke hukunci. Za ki sha mamakin yawan abin da ake yi wa mata da sunan addini alhali al'ada ce tsagwaronta. Sadaki na amarya ne, ba na uba ko kawu ba. Aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da wadda aka saka daga ɗakinta a lokacin idda, amma mu a ranar ake kwashe kayanta. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, uba ne kuma zai ci gaba da ciyar da su, kuma ko uwar ta yi wani aure riƙon yakan koma hannun mahaifiyarta ne kafin dangin uba, amma al'adarmu da an yaye yaro sai a zo a ɗauke. Mace tana da tumunin takaba a dukiyar mijinta idan ya bar 'ya'ya, 'ya mace kuma tana da rabonta a gona da gida kamar yadda take da shi a kuɗi, duk da haka a ƙauyuka da yawa maza suke riƙe gonar su ce ai ita tana gidan wani. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na khul'i: mata da yawa suna sayar da kayan ɗakinsu su biya miji don su fita daga auren da ake dukansu a ciki, ba su san cewa a Malikiyya idan cutarwa ta tabbata alƙali yana iya raba auren ba tare da ta mayar da ko kwabo ba. Na ga matar da ta fashe da kuka da ta ji wannan hukunci, shekara uku bayan ta sayar da keken ɗinkinta ta fanshi kanta.

Shari'ar Amina Lawal ta nuna ƙarfin wannan hanya a wurin da rai yake kan siraɗi. An yanke mata hukuncin jifa bisa zargin zina, saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta, a 2002 a jihar Katsina, duniya ta ɗauka da takardun koke, wasu cike da kurakurai da zagin Musulunci, har ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB, wadda Ayesha Imam take cikin waɗanda suka kafa ta, ta fitar da wasiƙa a 2003 tana roƙon a dakatar da irin waɗannan takardu saboda suna iya jawo wa wadda ake son ceta ƙarin haɗari. Abin da ya kuɓutar da ita a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ranar 25 ga Satumba 2003 hujjoji ne daga cikin fiƙihu da dokar jihar kanta, waɗanda lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka gabatar da goyon bayan ƙungiyoyin mata irin su WRAPA: cewa mutum yana da damar janye iƙirarinsa, cewa ba a cika ƙa'idar zaman kotun farko ba, da cewa Malikiyya ta yarda ciki yana iya kwanciya shekaru bayan rabuwar aure. Maroko ma, wadda mazhabarmu ɗaya da ita, ta gyara dokar iyalinta a 2004 bayan shekaru ana ja-in-ja, kuma da Sarki Muhammad na Shida ya gabatar da gyaran ga majalisa sai ya riƙa jingina sassansa da aya da hadisi.

A nan akwai gargaɗin da nake so ki riƙe da kyau. Kada ki mayar da addini takardar naɗe kaya, wato ki haddace ayoyi biyu da hadisi ɗaya don ki lulluɓe ra'ayin da kika riga kika ɗauko daga wani wuri. Masu sauraronki sun tashi a makarantar allo da Islamiyya, suna gane wanda ya sani da wanda yake ara, kuma ranar da wani ɗalibin ilimi ya kira ya kama ki da kuskuren nassi, ba ke kaɗai za ki faɗi ba, duk wadda za ta zo bayanki ta faɗi. Ki kuma yarda a fili cewa akwai wuraren da abin da kika karanta da abin da fiƙihu ya ce ba su haɗu ba. Malikiyya ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, abin da ake kira ijbari, ko da yake malamai sun kewaye shi da sharuɗɗan maslaharta, kuma ga hadisin Khansa'u bint Khidam wadda Annabi (SAW) ya warware auren da mahaifinta ya ɗaura mata ba da sonta ba. Auren mace fiye da ɗaya halal ne da nassi, kason gado kuma a bayyane yake. A irin waɗannan wurare ki faɗi abin da malamai suka ce da saɓaninsu, ki faɗi abin da ido yake gani na cutarwa idan an yi wasa da sharuɗɗa, ki bar mutane su auna. Ni a nawa ganin, da za a ba matan Arewa rabin abin da shari'a ta riga ta ba su a rubuce, da rayuwar miliyoyi ta sauya kafin a iso wuraren saɓanin. Kada kuma ki manta cewa cikin masu jin Hausa akwai Kiristoci da yawa, daga kudancin Kaduna zuwa Filato da Gombe da Adamawa, waɗanda matsalarsu ta gado da ta matar mamaci takan fito ne daga dokar gargajiya, don haka su ma a ba su ranarsu da baƙin da suka san lamarinsu.

Ta fuskar salo kuwa, labari ya fi bayani shiga zuciya. Marubuta mata na Kano sun gane haka tun tuni. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, kuma waɗannan littattafai sun kai muhawarar auren dole da sakin wulaƙanci da karatun 'ya mace cikin ɗakunan da babu wata takardar taron bita da ta taɓa shiga, ba tare da kalmar nazari ko ɗaya ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa rijiyar ba ta ƙafe ba. Alƙaluma ma sai an mayar da su abin da ido zai iya gani. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 suke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya. Idan kika faɗe shi haka zai wuce kamar iska, amma idan kika ce kusan mace ɗaya a duk haihuwa 200, sannan kika tambayi mai sauraro suna nawa aka yi a unguwarsu bana, zai fara ƙirga fuskokin da ya sani. Daga nan sai ki kawo tambayar da take ita ce zuciyar feminizim ko ba ki ambaci sunansa ba: me ya sa mace mai naƙuda za ta kwana tana zubar da jini ana jiran mai gida ya dawo daga kasuwa ya ba da izinin zuwa asibiti?

Wannan ya kawo mu ga maza, waɗanda su ne rabin masu sauraronki, kuma a hannunsu izinin yake. Abin da namiji Bahaushe ya fi tsoro a wannan magana shi ne majalisa ta kira shi mijin-ta-ce, don haka ko ya gamsu a zuciya zai yi gardama a fili. Ki yi masa magana a matsayin uba da wa da ɗa, domin mutumin da ba ya jin komai idan aka ce "matarka" yakan yi shiru idan aka ce "'yarka a gidan wani". Ki nuna masa cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A jihar Damagaram an gwada abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta masu mutunci a gari suke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti su kuma ja hankalin 'yan'uwansu, kuma tsarin ya yi tasirin da ya sa aka yaɗa shi zuwa wasu jihohin Nijar da wasu ƙasashe. Ki kuma kula da jimlar da za a tsinta daga bakinki a yaɗa, domin a 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo maganar dokar iyali da ta taɓo auren dole da dukan mata da ciyarwa, amma abin da ya isa teburin mai shayi jimla ɗaya ce, wai za a hana talaka ƙara aure.

Na san wasu 'yan'uwanki matasa za su ce wannan hanya tawa lallashi ce, kuma lallashi bai taɓa sa azzalumi ya saki abin da ya riƙe ba. Ba na raina wannan magana. A watan Fabrairun 2019, da 'yan mata suka fara bayyana fyaɗe da cin zarafin da aka yi musu ƙarƙashin maudu'in #ArewaMeToo, sun fasa wani shiru da irin tawa hanyar ta yi shekaru tana kewayawa, sun sha zagi da barazana, an ma kama ɗaya daga cikinsu, kuma matsin lambarsu yana cikin abin da ya sa aka riƙa tambayar jihohin Arewa dalilin da ya hana su amincewa da dokar hana cin zarafi ta 2015. Akwai abin da ba ya faɗuwa da habaici, fyaɗen ƙananan yara yana cikinsu, kuma ranar da kika zo kansa ki kira shi da sunansa. Abin da nake ja a kai shi ne wurin da aka yi maganar da harshen da aka yi ta, domin yawancinta da Turanci aka yi a Twitter, yarinyar da take aikatau a gidan masu kuɗi ko take talla a tasha, wadda ta fi kowa shiga haɗarin, ba ta ma san an yi ba. Zafin nasu da harshen Nana Asma'u ba kishiyoyi ba ne, kuma filin da aka ba ki wuri ne da za su iya haɗuwa.

Da ni ce ke, shirin farko ba zan yi shi a kan ma'anar wata kalma ba, zan ɗauki mas'ala ɗaya tak, misali gadon gona. Zan buɗe da labarin wata mata da 'yan'uwanta maza suka riƙe gonar mahaifinsu shekara goma suna aiko mata da kwanon gero da kaka, bayan na sauya sunanta da garinta na kuma nemi izininta. Zan gayyaci malamin da ya san ilimin rabon gado ya karanta aya ta 7 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce maza suna da rabo mata ma suna da rabo, kaɗan ne abin ko mai yawa, sannan lauya mace ta bayyana yadda ake shigar da ƙarar rabon gado a kotun shari'a, da irin shaidun da ake bukata, da abin da mace za ta yi idan ba ta da kuɗin lauya. Zan bar minti goma na waya, in kuma tabbatar an karɓi kiran maza masu adawa an amsa musu cikin girmamawa, domin dubban da ba su kira ba irin tambayarsu ke nan. Kafin a rufe zan faɗi wuraren zuwa dalla-dalla, wato ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da sashen sulhu na Hisbah a jihohin da take, tare da ranakun da suke zama. Sannan ki naɗi shirin ki tura shi ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, saboda matan da suke bakin murhu a lokacin da aka watsa shi, ki kuma kunna wa mahaifiyarki tun kafin ya fita, duk inda ta ce ba ta gane ba ki koma ki sake wurin.